Tsohuwar Barira Mai Gurasa

Duk wanda ya tashi a Haɗeja a zamanin Turawa, shekarun da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Malam Madori, in ka ce masa gurasa zai ce maka Barira. Gidanta na can bakin gari, inda ganuwa ta zaizaye ta bar wa mutane hanyar gangarawa fadama. Ba wata mace ce mai cika ido ba. Gajeriya ce, siririya, kuma magana ba ta dame ta ba. In ka gaishe ta za ta amsa maka da kyau, amma idonta na wani wurin, kai ka ce wani ke kiranta daga hayin kogi. Matan unguwa suka sa mata miskila. Ba su fahimce ta ba ne kawai, ita kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen yi musu bayani ba.

Mijinta Inuwa manomin alkama ne. Idan damina ta wuce, ruwan da ya malale fadama ya fara ja da baya a hankali, yakan bar baƙar ƙasa mai laushi, a nan Inuwa ke yanka fangalin shuka ya kafa jigon ban ruwa. Daga nan har alkama ta nuna, in iska ta juyo ta wajen gari, Barira kan jiyo kukan jigon tun daga tsakar gida, ya sunkuya ya ɗago, ya sunkuya ya ɗago. Da sassafe tururi kan kwanta a kan ruwa har ya shanye ƙafafun balbelu, ka gan su tsaye ba a kan komai ba, masunta kuma su riƙa fitowa daga cikinsa kwance a kan gora, ko motsin ruwa ba ka ji. A cikin wannan sanyin alkama ke girma. Inuwa ya rayu ya mutu yana zaton alkamarsa ce ta yi wa gurasar matarsa suna, kuma ba wanda ya ga amfanin raba shi da wannan zato.

Sirrin kuwa na cikin wata 'yar baƙar tukunya mai ɓantararren baki. Ba komai ne a ciki ba sai ragowar kwaɓi mai tsami, wanda in an gutsura an sa a sabon kwaɓi yake tashe shi. Kullum Barira za ta ɗiba, ta mayar da gari da ruwa a madadin abin da ta ɗiba, ta juya da yatsa, ta rufe. Tukunyar ba ta taɓa zama wayam ba, ba a kuma taɓa wanke ta ba, har bakinta ya yi ɓawo kamar ƙanzo. Daga hannun uwarta ta fito, uwar kuma daga hannun tata uwar, wadda aka ce wata mata 'yar Shuwa ce a cikin ayarin Barno ta gutsura mata. Tun da kuwa abin da ke cikin tukunyar nan ya girmi kowa a gidan, Barira ba ta ce masa tsami ko kwaɓi. Tsohuwa take cewa.

Tsohuwa kuwa akwai tsirfa. Ba ta son ruwan rijiya, don akwai ɗanɗanon kanwa a ciki, sai ruwan kogi da ya kwana a randa ya kwanta. Ba ta son gishiri kusa da ita, ko da na Manga ne. Shi sai a babban kwaɓi. Da sanyi a gefen murhu take kwana, nannaɗe da tsumma, da bazara kuma a gindin randa inda yashi ke da danshi. In ta ƙoshi takan kumbura, ta yi ƙananan idanu tana numfashi. In an bar ta da yunwa sai ta zube, ta tara wani ruwa a kanta, warinta ya riƙa sukan hanci. Barira ma cewa take Tsohuwa na jin tahowar kogi, don tun kafin a ga ruwa a fadama takan fara tashi da wuri, ta tura murfi. Inuwa kan yi dariyar wannan magana, amma in ya ji an yi ta sai ka ga ya je ya kwance jigonsa.

Kwaɓin gobe da la'asar ake yinsa. Barira kan murza shi a akushi har ya daina kama hannu, ta rufe da faifai ta bar shi ya kwana. Da asuba sai ta dangwala masa yatsa. In ramin ya ciko a hankali, ya isa. In ya tsaya yadda yake, ya wuce, ranar nan sai a yi haƙuri da tsami. Tanderunta na cikin madafa, an binne shi a ƙasa har wuya. Takan cika shi da itace ta bar wuta ta ci, ba ta kusantarsa sai baƙin da ya kama cikinsa ya ƙone, bangon ya yi fari. Sannan ta jiƙa hannu, ta faɗaɗa curi a tafinta, ta zura hannu cikin zafin nan ta manna shi a jikin bango, ta rufe baki. Masu gaggawa su ne gurasarsu ke faɗawa garwashi. Ta Barira da kumburi take fitowa, bayanta ja, cikinta duk ramuka, in ka tsoma ta a romon kifi ta shanye shi ba ta narke ba.

Akwai kuma abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har Inuwa. Uwarta ta rasu a shekarar wata babbar yunwa, Barira na 'yar mitsitsiya. Wata goggonta ce ta riƙe ta, ta kuma riƙe tukunyar da 'yar dusa har Allah ya kawo sauƙi. Barira ta girma ba ta iya tuna fuskar uwarta. In ta zauna ta neme ta da gangan, ba ta zuwa. Amma da asuba, in ta ɗaga murfin Tsohuwa, ƙamshin nan ya bugi fuskarta ta lumshe ido, sai ga ta: doguwar mace durƙushe a bakin tanderu, hasken wuta a kumatunta, da siraran tsage a gefen fuska, ta waiwayo tana murmushi da wushiryarta. Numfashi ɗaya take yi ta tafi. Da wannan numfashin Barira ke fara kowace rana tun tana budurwa, kuma ya ishe ta.

Ɗanta na fari Shu'ibu ne, ko da yake ba za ka taɓa jin sunan a bakinta ba. Wancan yaron take cewa, saboda kunyar ɗan fari. Ɗinkin buhu yake yi wajen masu awon gyaɗa a Malam Madori, in kaka ta yi sai ya daɗe bai leƙo gida ba. Bayan an gama yaƙin Turawa sojoji sun dawo, aka yi masa aure da wata 'yar Kafin Hausa mai suna Zinariya, yarinya mai hankali da zafin nama. Kunyar da Barira ke yi wa ɗan sai ta shafi matarsa. Ba ta kallonta, ba ta kiranta, in tana da magana sai ta faɗa wa iska, wanda abin ya shafa ya tsinta. Ita ma Zinariya da ta hango surukarta sai ta durƙusa ta sunkuyar da kai. Kowa ya yaba, aka ce gidan mutunci ke nan.

Ban da su, a gidan akwai Goggo Ma'u, yayar Inuwa, wadda tsufa ya dawo da ita wajen ƙanenta. Haƙoranta sun zube, kunnenta ya yi nisa, aikinta ɗaya ne a duniya, wato shan hantsi a kan tabarma.

Amarya ko girki ba ta fara ba, Shu'ibu ya koma wajen aiki, sai aka aiko daga Kaugama cewa goggon nan da ta raini Barira ta rasu. Inuwa ya ɗaura wa jaki kaya zai raka ta. Barira ta tsaya a tsakar gida da ƙunshinta a ka, ta juya wa ƙofar amarya baya yadda ta saba, ta ce, "A kula mini da Tsohuwa. A ba ta abinci safe da yamma, kada a bar ta da yunwa. Kada kuma a bari rana ta taɓa ta."

Daga cikin ɗaki Zinariya ta ce, "To, Iya."

Tsohuwa ɗaya Zinariya ta sani a gidan nan. Goggo Ma'u kuwa tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin gata irin na kwanakin nan ba. Da safe fura da nono, da yamma tuwo mai laushi da miyar kifi an cire ƙaya. Da zarar rana ta matso, Zinariya za ta zo ta ja tabarma zuwa inuwa, har da mai tabarmar a kai in ta ƙi tashi. Ma'u ta yi ta mitar an raba ta da hantsinta, amma da ta ga ƙwaryar fura sai ta bar mitar. Ba ta tambayi dalilin wannan alheri ba, don kada a bincika a ce kuskure aka yi.

Sauran ƙarfinta kuma Zinariya a madafa ta zuba shi. So take surukarta ta dawo ta ga irin tarbiyyar Kafin Hausa. Ta fitar da tukwane da ƙore da akusa, ta dirje su da toka da yashi. Da ta kai kan 'yar baƙar tukunya a gefen murhu, ta kwance tsumma ta buɗe, wari ya sa ta kau da kai. Ta yi mamakin yadda mace mai tsabta kamar Iya ta manta da kwaɓi har ya lalace, ta kuma ƙudura a ranta ba za ta gaya wa kowa ba, don ta rufa wa surukarta asiri. Ta juye wa awaki, ta jiƙa tukunyar, ta sa sakaina ta kankare ɓawon nan da ya girmi kakarta, ta kife ta a rana.

Ranar da Barira ta dawo, da hantsi, abin da ta fara gani shi ne Goggo Ma'u a inuwar rumbu, ta yi ɓulɓul tana sheƙi. Na biyu kuma tukwane jere a rana. Ta bi su da ido har ta kai kan wata 'yar jar tukunya mai ɓantararren baki. Ta daɗe ba ta gane ta ba, don ba ta taɓa sanin ja ce ba. Ta ɗauka ta kai hanci. Toka ta ji, da ƙasa, da rana.

Ta ce wa iska, muryarta ƙasa-ƙasa, "Me ya sami Tsohuwa?"

Zinariya ta durƙusa ta ce, "Lafiyarta ƙalau, Iya. Ga ta can a inuwa, yanzu ta gama shan fura."

Barira ta dubi Ma'u, ta dubi tukunyar. Ta tambayi abin da ke ciki, aka ce awaki sun cinye. Ba ta yi faɗa ba. Da wa za ta yi? Yarinya abin da ta ji an ce shi ta yi, har da ƙari. Ta shige ɗaki da tukunyar ta sakaya ƙofa. Ma'u ce, da labari ya samu shiga kunnenta da ƙyar, ta yi dariya har da tari, sannan ta tsaya cak ta yi wa amarya bayanin ko wace ce Tsohuwa, da irin muryar masu nisan kunne da ake ji har maƙwabta.

Barira ba ta zauna ba. Ta kwaɓa gari da ruwan kogi a tukunyar ta ajiye a gefen murhu, ko wani abu ya maƙale a jikin yumɓun, sai ya yi funfuna. Ta gwada da nono, ta gwada da ruwan gasara, har da tsamiya. Wani ya tashi, wani ya ƙi. Kowace asuba ta ɗaga murfi ta lumshe ido, duhu kawai take gani. Ta zubar ta sake, ta zubar ta sake, har Inuwa ya fara kallon alkamarsa yana gyaran murya.

Shu'ibu da ya ji, sai ya zo da wani abu a gwangwani daga wajen wani mutumin Kudu mai gasa burodi a tasha. Ya ce sunansa yis, da shi Turawa ke yi, ba ya cin abinci, ba ya jin sanyi. Ya ajiye a ƙofar ɗakin uwarsa ya fita. Abin kuwa ya yi aiki. Kafin ka je kogi ka dawo kwaɓi ya cika akushi, gurasa ta fito fara tas mai laushi, in ka ci ka haɗiye shi ke nan ka manta da ita. Barira ta zuba kunne ko za ta ji masu saye sun yi ƙorafi. Ta jira mahautan da ke haɗa ta da tsire su aiko su ce me ya faru. Ba wanda ya ce uffan. Wata maƙwabciya ma cewa ta yi bana hannun Barira ya ƙara daɗi. Wannan ya fi wankin tukunyar yi mata ciwo.

Bazara ta wuce, damina ta sauka. Ruwa ya taho daga yamma yadda ya saba, ba hayaniya, yau yana gindin giginya, gobe ya shanye hanyar fadama, har gonar Inuwa ta haɗe da sama, bado ya buɗe fararen furanni a inda jigo yake. Da la'asar Barira kan tsaya a zaizayar ganuwa ta yi ta kallo, tana ƙoƙarin haɗa fuskar da kanta. Ga tsagen, ga wushiryar, ga hasken wuta a kumatu. Ta san su ɗaya bayan ɗaya, amma sun ƙi haɗuwa su zama mutum. A nan ta gane uwarta ta sake mutuwa, kuma wannan karon ba wanda zai zo mata gaisuwa. Ta yi baƙin cikin da ya fi na rasuwar goggon da ta raine ta, ta kuma ji kunyar hakan.

Zinariya kuwa ta rame. Da zaginta aka yi da ta fi samun sauƙi. Tana shara, tana daka, tana durƙusawa, ana amsa gaisuwarta ta saman kai kamar da, sai dai yanzu ba ta san ko kunya ce ko fushi ba. Sai ta ɗebi alkama daga cikin garar aurenta, ta niƙa lokacin da surukarta ta fita, ta kwaɓa a 'yar ƙwarya ta tura bayan jerenta. A ganinta a ɓoye take yi. Wajen Ma'u take neman shawara cikin raɗa, Ma'u kuma ta ba ta amsa da iyakar muryarta, saboda haka duk ƙwaryar da ta lalace Barira ta ji labarinta daga madafa. Ta yi kamar ba ta ji ba. Me za a samu a ƙwaryar yarinyar da ba ta taɓa manna gurasa ba?

Wata safiya, gari ya yi luf bayan yayyafi, Barira za ta wuce ta ƙofar ɗakin sai wani wari ya tsayar da ita. Ta san shi. Warin kwaɓi mai rai ne da aka bari da yunwa, wanda in ba a ba shi gari yau ba gobe ya mutu. Ta yi niyyar wucewa, ƙafarta ta ƙi. Tun da aka kawo yarinyar ba ta taɓa taka ɗakin nan ba, kuma a ganinta uwar miji mai mutunci ba ta yin haka. Ta yi sallama ta ɗaga asabari.

Zinariya ta zube ƙasa, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Fito da ƙwaryar," in ji Barira.

Zinariya ta jawo ta. Barira ta duba, ta tsiyaye ruwan da ya taru a kai, ta dangwala ta ɗanɗana.

"Da ransa. Yunwa ce ke damunsa. Da wane ruwa kike kwaɓawa?"

"Na rijiya, Iya."

"Shi ya sa yake fushi. Je ki ɗebo na randata, ki zo da gari."

Wannan ce magana ta farko da ta taɓa yi mata kai tsaye. Suka juye kwaɓin a 'yar jar tukunya, suka yi ta ba shi gari safe da yamma har ya fara kumbura yana numfashi. Ran da ya isa, Barira ta ture gwangwanin yis gefe, suka yi kwaɓin la'asar tare.

Da asuba, wuta na ci a tanderu, Barira ta durƙusa gaban tukunyar. Ta daɗe hannunta na kan murfi. Ta ɗaga, ta lumshe ido, ta ja numfashi. Ƙamshi ne mai kyau, da tsami kaɗan da ɗan zaƙi a ƙarshensa, duk mai gurasa zai yi murna da shi. Ta jira. Ta sake jan numfashi.

"Iya," in ji Zinariya a hankali, "ita ce?"

"Ba ita ba ce." Barira ta buɗe ido. "Waccan ta tafi. Ba gurasa nake nema a cikinta ba, 'yar nan. Fuskar uwata ce a ciki. In na buɗe nakan gan ta."

Zinariya ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kukan da ta yi wata da watanni tana haɗiyewa. Barira ta bar ta ta yi mai isarta. Ta duba zuciyarta ta ga ba ta jin haushin yarinyar ko kaɗan, ta ma rasa ko ta taɓa ji. Sannan ta ce mata ta share ido, bangon tanderu ya yi fari. Gurasar farko da Zinariya ta manna ta faɗa garwashi, ta bayanta ma haka, can dai wata ta kama.

Barira ta yi shekaru masu yawa bayan wannan, fuskar kuwa ba ta sake dawowa ba, ko a mafarki. Sabon kwaɓin ba a sa masa suna ba. Tukunya kawai ake cewa, kuma kowa a gidan sai da aka nuna masa ita da yatsa, har baƙi. Buɗe murfin asuba ya koma hannun Zinariya. Da ta haifi 'yarta Larai, takan zo madafa da ita goye a baya yadda kowace uwa ke yi.

Wata asuba, lokacin yarinyar ta fara wayo, Zinariya ta durƙusa za ta buɗe tukunya sai Barira ta riƙe mata hannu. Ta kwance goyon da kanta, ta zaunar da Larai a ƙasa, daidai inda za ta ga hasken tanderu a fuskar uwarta, ta tallafi kan yarinyar ta juyo da shi.

"Yanzu buɗe," ta ce. "Kullum a gabanki za ki riƙa ajiye ta, ba a baya ba. Bari ta gan ki da kyau."